Yadda Ake Hawa Jirgin Cikin Gida a Amurka da Katin Izinin Aiki

Tun daga ranar 7 ga Mayu 2025, lokacin da hukumar tsaron sufuri ta Amurka, wato TSA, ta fara aiki da dokar REAL ID, mai tsaurara sharuɗɗan katin shaida, a filayen jiragen sama, tambaya guda ce take ta zuwa mini daga 'yan'uwanmu mazauna Bronx da Greensboro da Houston da Columbus: wanda ba shi da katin zaman dindindin, kuma lasisin tuƙinsa ba ya ɗauke da alamar tauraro mai nuna ya cika sharuɗɗan wannan doka, zai iya hawa jirgi daga wata jiha zuwa wata da katin izinin aikinsa kaɗai? Amsa ita ce zai iya. Katin izinin aiki da USCIS, hukumar da ke kula da takardun shige da fice da zama ɗan ƙasa, take bayarwa, wanda mutane suka fi sani da EAD, yana cikin jerin shaidun da TSA take karɓa, kuma ba a biyan ko sisin kwabo don an yi amfani da shi. Sai dai katin yana da iyakarsa. Yana gaya wa jami'in filin jirgi ko kai wane ne, amma ba fasfo ba ne, ba biza ba ce, kuma ba ya goge wata matsalar shige da fice da take kan mutum. Yawancin waɗanda suka sha wahala a tafiya da wannan kati sun sha ta ne tun kafin su isa filin jirgi, a wajen karanta kwanan wata, ko rubuta suna, ko zaɓen hanya. Saboda haka matakan farko su ne suka fi tsawo a wannan jagora.

1. Tabbatar da cewa katin da ke hannunka shi ne ake nufi

Katin da ake magana a kai na roba ne mai tauri, girmansa daidai da katin banki, yana ɗauke da hotonka da sunanka da ranar haihuwarka da ƙasar da aka haife ka, sannan lambarsa a wurin hukuma ita ce I-766. A jikinsa akwai lambar USCIS mai alƙaluma tara, da kuma wata gajeriyar lamba da take nuna rukunin da aka ba ka izinin a ƙarƙashinsa: C08 ga wanda ya nemi mafaka ana jiran hukunci, C09 ga wanda ya shigar da takardun neman zaman dindindin, A05 ga wanda aka riga aka ba shi mafaka, A03 ga ɗan gudun hijira, C03B ga ɗalibin da ya kammala karatu yana aikin samun ƙwarewa. Jami'in TSA ba ya bambanta tsakanin waɗannan rukunoni, duk ɗaya suke a wurinsa muddin katin na gaske ne. An sauya fasalin katin a watan Janairu 2023, amma hakan bai soke wanda aka bayar da tsohon fasali ba matuƙar ranar da ke jikinsa ba ta wuce ba.

Gargaɗi a nan shi ne a kan takardun da mutane suke ɗauka daidai suke da katin alhali ba haka ba ne. Takardar da USCIS take aiko wa mutum don shaida cewa ta karɓi buƙatarsa, wato I-797C, ba shaidar hawa jirgi ba ce, haka ma takardar amincewa da take zuwa kafin katin ya iso. Katin Social Security ba shi da hoto, ba a karɓarsa. Katin shaidar birni irin IDNYC na Niyok, da katin makaranta, da katin wurin aiki na kamfani, da lasisin wucin gadi na takarda da ofishin lasisi yake bayarwa kafin na roba ya zo, duk ba sa cikin jerin. Katin ɗan ƙasa na Najeriya ko Nijar ko Gana da lasisin tuƙin gida su ma ba sa ciki. Daga cikin takardun da mutum ya zo da su daga gida, fasfo shi ne abin dogaro. Hoton kati a waya ko kwafinsa na takarda ba ya maye gurbin katin, ko da kuwa hoton ya fito tas.

Ka duba lafiyar katin ma. Wanda ya tsage, ko ya lanƙwashe a aljihun baya har rubutun da na'ura take karantawa ya goge, yana iya ƙin shiga na'ura, kuma jami'i yana da ikon neman wata shaida.

2. Karanta ranar ƙarewa yadda Amurkawa suke rubuta ta

Wannan kuskure ne da ya fi kama mu, mu da muka taso muna fara rubuta rana kafin wata. A jikin katin ana rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa da alƙaluma zalla, wata ne a farko, sai rana, sai shekara. Idan ka ga 03/09/26, ma'anarsa 9 ga Maris 2026, ba 3 ga Satumba ba. Wanda ya karanta shi da idon gida zai zauna yana ganin yana da sauran wata shida alhali katin ya riga ya mutu. Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne ranar haihuwa a jikin katin ana rubuta ta da sunan wata a taƙaice, rana a gaba, sai mutum ya ɗauka sauran ranakun ma haka tsarinsu yake.

Ka lissafa da ranar dawowa, ba ranar tafiya kaɗai ba. TSA tana karɓar shaidar da ta ƙare har zuwa shekara biyu bayan ƙarewarta, amma a da shekara ɗaya ce, wanda ke nuna cewa sassauci ne da hukumar take iya sauyawa, don haka a duba shafinta na intanet a makon tafiya. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya dogara da mataccen kati shi kaɗai. Dalili kuwa shi ne jami'in TSA yana iya barin ka ka wuce da shi, amma idan ka gamu da jami'in shige da fice a hanya, tambayar da zai yi daban ce, kuma mataccen kati ba ya amsa ta.

Akwai sauye-sauye biyu da ya kamata mai kati ya sani domin suna shafar wannan lissafi. A da, wanda ya nemi sabunta katinsa a kan kari a wasu rukunoni yakan sami ƙarin wa'adi kai tsaye har zuwa kwana 540, takardar I-797C tana zama hujjarsa. An dakatar da wannan ga buƙatun da aka shigar daga 30 ga Oktoba 2025. Sannan a watan Disamba 2025 an rage tsawon wa'adin katin daga shekara biyar zuwa wata 18 ga rukunoni da dama, ciki har da masu jiran mafaka da masu jiran zaman dindindin. Ma'ana katin yanzu yana saurin ƙarewa, kuma tazara tsakanin tsoho da sabo ta zama abin da mutum zai tsara tafiyarsa a kai. Ana iya shigar da buƙatar sabuntawa tun saura kwana 180 katin ya ƙare, kuma wanda yake da biki ko taro a wata jiha a gaba ya kamata ya yi amfani da wannan dama tun daga ranar farko.

3. Idan kana da shari'a a gaba, ga lauya kafin ka sayi tikiti

Mallakar katin izinin aiki ba ta nufin an kammala maganar zaman mutum a Amurka. Mutane da yawa suna riƙe da shi ne daidai lokacin da maganarsu take gaban hukuma ko gaban alƙalin shige da fice. Filin jirgi wuri ne da jami'an tarayya suke da yawa, kuma bayanan kowane fasinja suna isa ga gwamnati tun kafin jirgi ya tashi. A ƙarshen 2025 jaridun Amurka sun ba da rahoton cewa TSA tana miƙa jerin sunayen fasinjoji ga hukumar ICE, mai kama baƙi da korar su daga ƙasa, domin ta duba waɗanda ke da umarnin kora.

Saboda haka duk wanda aka taɓa yanke masa umarnin barin ƙasa, ko ya taɓa rasa zaman kotu, ko aka taɓa kama shi da wani laifi ko da ƙarami ne, ko aka ƙi amincewa da buƙatarsa yana ɗaukaka ƙara, kada ya sayi tikiti sai ya yi magana da lauyan shige da fice mai lasisi. Haka wanda yake ƙarƙashin sa idon ICE da sharaɗin kada ya bar wani yanki sai da izini. Kuɗin ganin lauya na rabin awa bai kai ko kusa da abin da iyali za su kashe ba idan aka tsare mutum a wata jiha mai nisa. Kada a nemi wannan shawara wurin masu cike wa mutane takardu a shago, domin sanin cike fom daban, sanin doka daban.

4. Duba hanyar da jirgin zai bi

A jikin yawancin katunan an rubuta da Ingilishi cewa ba a sake shiga Amurka da su. Wannan jimla ita ce iyakar katin. Duk tikitin da zai sauke ka a Toronto ko Montreal ko wani birni na Meziko kafin ka ci gaba, ko da awa ɗaya ce kuma ko da ya fi arha, ya fitar da kai daga Amurka ke nan, kuma fita ba tare da izinin dawowa ba tana iya kashe buƙatar mafaka ko ta zaman dindindin da mutum ya shekara yana jira. Shafukan sayar da tikiti masu arha suna iya haɗa irin wannan hanya, don haka ka buɗe cikakken bayanin tafiyar ka karanta sunan kowane filin da za a sauka kafin ka biya.

Wasu katunan suna ɗauke da rubutu a ƙasa da ke nuna suna aiki a matsayin izinin fita da dawowa, mai lamba I-512. Wannan magana ce ta tafiyar ƙasashen waje, tana da nata sharuɗɗa, kuma ba a buƙatarta a tafiyar cikin gida.

Hawai da Alaska jihohi ne, tafiya zuwa can kai tsaye ta cikin gida ce. Puerto Rico ma ana zuwa da katin kamar yadda ake zuwa kowace jiha, sai dai a can da tsibiran Virgin na Amurka da Guam jami'an kwastam da shige da fice suna iya duba takardun fasinja kafin ya hau jirgin dawowa, kuma a tsibiran Virgin da Guam wannan dubawa al'ada ce ta kullum. Wanda maganarsa ba ta kammala ba ya sa waɗannan wurare cikin abin da zai tambayi lauyansa. Haka filayen jirgin da ke kusa da iyakar kudu, irin su El Paso da McAllen da Laredo da Brownsville a jihar Texas, inda ake ganin jami'an sintirin iyaka kusa da layin bincike suna tambayar matsayin mutane.

5. Rubuta suna a tikiti daidai da na jikin katin

A nan ne sunayenmu suke ba mu aiki. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a bakin mutane, Mohammed a fasfo, Mahamadou a takardun Nijar, sannan a katin izinin aiki a sami wanda aka kwafo daga fom ɗin da ya cike. Haka Abubakar da Aboubacar, Usman da Ousmane, A'isha da Aichatou. Ƙa'idar guda ce: ka ajiye katin a gabanka lokacin sayen tikiti, ka kwafi sunan harafi da harafi. Katin yana da gurbi biyu, na sunan dangi a sama da na sunan yanka a ƙasa, kuma haka za ka raba su a shafin kamfanin jirgi. Mu da muka saba kiran mutum da sunansa sannan na mahaifinsa sannan na garinsu mukan juya su, sai sunan yanka ya koma gurbin na dangi.

Kada ka sa Alhaji ko Hajiya ko Malam a gurbin suna, kada ka taƙaita Muhammad zuwa haruffa huɗu idan a katin an rubuta shi cikakke, kuma kada ka sa sunan da ake kiran ka da shi a gida. Matar da ta ɗauki sunan mijinta bayan aure amma katinta yana ɗauke da sunan mahaifinta, ta sayi tikiti da sunan da ke katin. Wanda sunansa ɗaya ne tak a fasfo yakan ga an rubuta masa FNU a gurbin sunan yanka, alamar cewa ba a san sunan farko ba. Idan haka katinka yake, ka kira kamfanin jirgin su gaya maka yadda za a shigar da shi a tsarinsu maimakon ka ƙirƙiro wani suna.

Idan rubutun sunanka a fasfo ya bambanta da na katin, ka yanke shawara tun yanzu wanne za ka miƙa wa jami'i, ka sayi tikitin da shi. Ranar haihuwa ma a shigar da ita da lura, domin shafukan kamfanonin Amurka suna fara neman wata kafin rana, kuma na'urar TSA tana gwada suna da ranar haihuwa da abin da aka shigar lokacin sayen tikiti.

Idan ka gano kuskure bayan ka biya, kada ka bari sai ranar tafiya. Dokar ma'aikatar sufuri ta wajabta wa kamfanonin jirgi su ba mai saye damar soke tikiti cikin awa 24 a mayar masa da kuɗinsa, ko su riƙe masa kujera na awa 24 kafin ya biya, idan saura kwana bakwai ko fiye a tashi. Wannan dama ta shafi wanda ya saya kai tsaye daga kamfanin jirgin. Wanda ya saya ta hannun dillali ko wani shafin intanet, can zai koma neman gyara, kuma gyaran yakan ɗauki lokaci. Wannan ne ya sa na fi son mutum ya saya daga kamfanin ko da ya ɗan fi tsada.

6. Haɗa takardu daren tafiya

Katin yana shiga walat ko ƙaramar jakar da ba za ta rabu da jikinka ba, ba akwatin da za a miƙa a saka a cikin jirgi ba. Idan kana da fasfo, ka tafi da shi a matsayin shaida ta biyu, amma ka ajiye shi a wani wuri daban da katin, domin idan walat ta ɓata kada su tafi tare. TSA tana karɓar fasfon kowace ƙasa, kuma ba ta neman biza a cikinsa don tafiyar cikin gida.

Ga mai neman mafaka akwai gargaɗi na musamman: kada ka je ofishin jakadancin ƙasarku ka sabunta fasfo don kawai ka sami shaida ta biyu sai ka tambayi lauyanka, domin ana iya kafa hujja da hakan a kanka cewa ba ka tsoron gwamnatin da ka ce ka gudo daga gare ta. Ga irin wannan mutum katin izinin aiki shi ne shaidarsa, kuma ya wadatar.

Dokar shige da fice ta wajabta wa duk baƙo mai shekara 18 zuwa sama ya riƙa yawo da shaidar rajistarsa, kuma katin I-766 yana cikin takardun da doka ta amince da su a matsayin wannan shaida. Bayan shi, yana da kyau a ɗauki kwafin takardar I-797C da ke nuna buƙatar da take gaban hukuma, da takardar ranar zaman kotu ga mai shari'a, da takardar I-20 da makaranta take bayarwa ga ɗalibi, da lambar wayar lauya a rubuce a takarda saboda waya tana iya mutuwa. Ka ɗauki hoton katin gaba da baya ka ajiye. Ba zai wuce da kai shinge ba, amma zai taimaka wajen neman sabo idan ya ɓata. Ka kuma gaya wa wani na gida lambar jirgi da lokacin sauka.

Yara 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa buƙatar shaida a wurin TSA a tafiyar cikin gida. Sai dai kamfanin jirgi yana iya neman takardar haihuwar jaririn da bai kai shekara biyu ba wanda za a riƙe a cinya, kuma yaron da zai yi tafiya shi kaɗai yana da nasa tsari da kuɗi a wurin kamfanin.

7. Karɓar takardar shiga jirgi da miƙa kaya

Ana buɗe tabbatar da kujera ta intanet awa 24 kafin tashi. Ka yi shi tun a gida, ka sake duba sunan da ya fito a takardar shiga jirgin. Idan ka ga an haɗe sunaye biyu wuri ɗaya ko an yanke ƙarshen dogon suna, wannan daga tsarin kamfanin ne kuma ba ya hana tafiya muddin abin da ka shigar tun farko daidai ne. Ka isa filin jirgi da saura awa biyu, ka ƙara a kai idan lokacin hutu ne ko filin babba ne kamar na Atlanta ko Shikago. Idan za ka miƙa akwati, ma'aikacin kamfanin zai nemi shaida, sai ka ba shi katin. Yawancin kamfanoni suna rufe karɓar kaya da saura kamar minti 45.

Idan ka ga haruffan SSSS a takardarka, an zaɓe ka ne don ƙarin bincike, ba laifin katin ba ne. Wanda hakan yake yawan faruwa da shi saboda sunansa ya yi kama da na wani yana iya shigar da koke kyauta ta shirin DHS TRIP na ma'aikatar tsaron cikin gida, a ba shi lamba da zai riƙa sakawa duk lokacin da zai sayi tikiti. Layin gaggawa na TSA PreCheck kuwa na waɗanda suka yi rajista ne, kuma rajistar ta 'yan ƙasa ce da masu zaman dindindin, don haka mai katin izinin aiki ya bi layin kowa da kowa.

8. A gaban jami'in TSA

Ka fito da katin daga walat tun kana kan layi. Jami'in zai karɓa ya saka a na'ura ko ya nuna maka inda za ka saka, sannan a filaye da yawa kyamara za ta ɗauki hoton fuskarka ta gwada da na katin. Ɗaukar hoton ba dole ba ce. Wanda ba ya so yana iya faɗa cikin ladabi kafin ya tsaya gaban kyamarar, jami'in ya duba da idonsa. Ka miƙa shaida ɗaya kawai. Tara wa jami'i kati da fasfo da lasisi da takardun kotu gaba ɗaya ba ya ƙara komai sai tambayoyi, musamman idan rubutun sunan ya bambanta a tsakaninsu.

Wani lokaci na'ura takan ƙi karanta katin, ko a sami jami'in da bai saba ganinsa ba. Kada ka ɗaga murya kuma kada ka bar layin. Ka gaya masa cewa wannan katin I-766 ne na USCIS kuma yana cikin jerin shaidun da TSA ta wallafa, sannan ka nemi a kira shugaban aiki. Yana da amfani ka riga ka buɗe shafin jerin a wayarka. Idan abin ya ƙi, a nan ne fasfo yake amfani.

'Yar'uwa mai hijabi ba sai kin cire shi ba. Mai niƙabi za a buƙaci ta nuna fuskarta domin a gwada da hoton katin, kuma tana da ikon neman a yi hakan a keɓe a gaban jami'a mace. Hijabi da babbar riga da duk tufa mai yalwa suna iya jawo a shafa jiki da hannu bayan an wuce na'ura. Wanda jinsinku ɗaya ne zai yi, kuma ana iya neman ɗaki na daban tare da wani da ka zaɓa ya tsaya. Mai laya ko guru a jiki ya cire ya saka a jaka tun kafin layi, ko ya sanar da jami'i kafin ya shiga na'ura. Tun watan Yuli 2025 an daina tilasta cire takalmi, amma ƙa'idar ruwa tana nan: kowace kwalba kada ta wuce mililita 100, wanda ya haɗa da turare da man shafawa da zuma. Kilishi da dambun nama busassu ne, suna wucewa a tafiyar cikin gida, amma yaji ko garin kunu da ya wuce mililita 350 ana iya fito da shi a duba shi daban.

Idan jami'in shige da fice ne ya tare ka, ba na TSA ba, ka nuna masa katin. Kana da ikon yin shiru ka nemi lauya, kuma kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba. Abin da ba za ka taɓa yi ba shi ne ka ce kai ɗan Amurka ne alhali ba haka ba ne, ko da cikin ruɗewa ne, domin wannan ƙarya tana iya rufe wa mutum ƙofar zama a ƙasar har abada.

9. Idan katin ya ɓata a tsakiyar tafiya

Wanda yake da fasfo sai ya yi amfani da shi wajen dawowa, tare da lura da cewa sunan tikitin ya dace da na fasfon. Idan akwai bambanci, ya je teburin kamfanin jirgin da wuri. Wanda ba shi da wata shaida, daga 1 ga Fabrairu 2026 TSA ta fara karɓar dala 45 a ƙarƙashin tsarin ConfirmID domin ta gwada tantance mutum ta wata hanya. Ana biya ta intanet, rasidin yana aiki na kwana goma, tantancewar tana iya cin rabin awa ko fiye, kuma biyan kuɗin ba ya tabbatar da cewa za a bar mutum ya wuce. Ka biya kafin ka isa filin, ka riƙe rasidin, ka zo da duk abin da ke ɗauke da sunanka. Idan a shingen bincike ka manta katin, sashen kayan da suka ɓata na TSA a wannan filin za ka nema. Idan a cikin jirgi ne, kamfanin jirgin. Lambar cibiyar tambayoyi ta TSA ita ce 866-289-9673.

Neman sabon kati ana yin sa da fom I-765, wanda kuɗinsa tun 1 ga Afrilu 2024 dala 520 ne ta takarda, 470 ta intanet, amma wasu rukunoni suna biyan ƙasa da haka, wasu kuma, kamar masu neman mafaka, dokar watan Yuli 2025 ta ɗora musu wasu kuɗaɗe na daban, don haka a duba jadawalin kuɗin USCIS a ranar da za a aika. Idan kuskuren da ke jikin kati daga hukumar ne, kamar harafin suna da ta rubuta ba daidai ba, ana mayar mata da katin ta gyara ba tare da an biya ba, sai dai mutum zai zauna ba kati har sabon ya iso, saboda haka kada a aika shi ana saura 'yan makonni a yi tafiya. Sabon kati ta gidan waya yake zuwa, wanda ya sauya gida kuwa doka ta ba shi kwana goma ya sanar da USCIS sabon adireshinsa da fom AR-11.

Mai yawan tafiya yana iya kai katin ofishin lasisin jiharsa, tare da shaidar lambar Social Security da takardu biyu masu nuna adireshinsa, ya nemi lasisi ko katin shaidar jiha mai tauraro. Jihohi sun bambanta a kuɗi da kuma rukunonin da suke bai wa, kuma wa'adin irin wannan lasisi yakan ƙare ne tare da wa'adin takardar da aka bayar da shi a kanta, sai a koma a sabunta shi da sabon katin idan ya iso.